Ba a Duba Gona da Rani

Wurno, Birnin Kudu,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Nasiru, a gidan Kawu Sale, Sara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kawu da mutanen gidansa duka. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe.

Yaya, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ba matsayina ba ne, ni da ko sakandare ban gama ba. Shawarar da ke cikin takardar nan ma ba tawa ba ce. Baba ne ya kira ni jiya bayan la'asar, ya ce in ɗauko littafin rubutu da biro in zauna. Ka san yadda yake da kai. Kai ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunanka ba, bai kuma taɓa zaunar da kai ya yi doguwar magana ba. Ko a waya, daga "lafiya?" sai ya miƙa wa Inna. Shi ya sa ya ce ni in zama hannunsa. Duk inda ya ce "ki gaya wa yaron nan", na mayar da shi kamar da kai yake magana, don ya fi sauƙin karantawa. Ban ƙara masa ba, ban rage ba, sai wuraren da zan nuna maka cewa ni ce nake magana.

Tun ranar da sunanka ya fito a ƙaramar jami'ar nan ta gwamnati, ka ce ba za ka je ba. Ka ce ba su ba ka injiniya ba sai lissafi, ka ce a daji take, ka ce ko akuya ta cike fom za su ɗauke ta. Washegari ka tafi Sara. Kawu ya gaya wa Baba cewa kana shirin wucewa Kano, ka zauna a shagon abokinka ka jira jarrabawar baɗi, kamar yadda ka jira ta bana. Rajista kuwa ranar Juma'ar nan za a rufe. Abin da ba ka sani ba shi ne, ranar Larabar da ta wuce Baba ya je jami'ar da ƙafarsa, kuma da ni ya tafi, don in riƙa karanta masa allunan da aka rubuta da Turanci. A lokacin Inna kaɗai ta sani.

Ga maganar Baba.

Kafin a haife ka da shekara biyu na sayi gona a bakin hanyar Yalwan Damai. Da rani na gan ta. A shimfiɗe take kamar tabarma, ga kuka babba a tsakiya, duk wanda ya wuce a mota sai ya kalle ta. Abin da ya ja ni ke nan, ba zan ɓoye maka ba. So nake mutane su wuce su ce, "Ta Malam Haruna ce." Marigayi kakanka ya ce mini, "Haruna, ba a duba gona da rani. Ka bari ruwa ya sauka." Na ce kafin ruwa ya sauka wani ya riga ni. Na saya.

Da damina ta kankama, sai na ga ashe duk ruwan gonakin da ke sama da ita a cikinta yake kwana. Gero ya yi ja, ya ruɓe a tsaye. Ɗan tudun da ruwa bai kai ba kuma ƙuduji ya cinye shi. Wata safiya ina tsaye cikin ruwa har gwiwa ina ƙoƙarin yanka masa hanya da fartanya, sai ga Malam Bitrus, wanda a lokacin yana aiki a asibiti, yana kuma aron filin da ke gefen nawa. Ya jingine kekensa ya ce, "Malam Haruna, da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Ba ka ga ni shinkafa nake sa wa nan ba?" Na gani. Ranar da na je duba gonar na taka tushiyar shinkafarsa da ƙafata. Amma na ce a raina, me baƙo ma'aikacin asibiti ya sani game da ƙasarmu? Shekara huɗu ina fama da gonar nan kafin in haƙura in koma shinkafa kamar yadda ya ce.

Saboda haka in za ka auna abu, ka je masa a lokacin wahalarsa, ka zaga ta bayansa, ka kuma tambayi maƙwabcinsa ko da kana ganin ka fi shi sanin gari. Kai ka yanke wa makarantar nan hukunci ba ka taɓa taka ta ba. Ni ma da farko haka na yi. Shi ya sa na ce ba zan ce maka je ka ba, ba zan ce kada ka je ba, sai na duba ta yadda ya kamata in duba waccan gonar.

Yaya, nan ni ce. Kafin mu hau mota, Baba ya fara biyawa gidan Malam Bitrus a cikin Birnin Kudu. Ya yi ritaya yanzu, yana kiwon kaji. 'Yarsa Ladi a wannan jami'ar ta gama, tana aikin awon jini a wani asibiti. Da ya ga Baba da sanda da lema da sassafe, sai ya yi dariya ya ce, "Malam Haruna, yau kuma wace gonar za a saya?"

Baba ya ce, "Wannan karon na zo tambaya kafin in shiga ruwa."

"To ka yi hankali da girma. Shekara ashirin da wani abu kafin ka koyi sallama."

Malam Bitrus ya kira Ladi. Ta durƙusa ta gaishe da Baba, Baba ya ce ta gaya masa gaskiya, kada ta yi wa makarantarta kara. Ta ce, "Baba, ina kuka na tafi, don duk ƙawayena birni suka samu. Kayan ɗakin gwaji ba su da yawa, sai mun yi layi kafin kowa ya sa ido a na'ura. Wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Amma malamin da kansa yake tsayawa a kanka har sai ka ga abin da ake so ka gani. In ba ka zo aji ba, gobe zai tambaye ka da sunanka. Da muka fara aiki, akwai waɗanda suka fito daga manyan makarantu, sun ga na'urar daga nesa ne kawai saboda yawan jama'a. Ni na nuna musu inda ake murɗawa."

Malam Bitrus ya ce, "Ka ji ta, ta fara yabon kai. Halin uwarta ne."

Mota biyu muka hau. Hanyar ƙarshe ba ta da kyau, Baba ya ce in rubuta maka haka, kuma ana ruwa muka isa. Mai gadi ya nuna mana ofis, Baba ya ce shi ba ofis ya zo gani ba, ta baya yake so ya fara. Mai gadin ya dube shi, ya dubi sandarsa, ya ce, "Baba, ko kai ne sabon sufeto?" Baba ya ce, "Manomi ne." Sai ya ce, "To kun fi sufeto tsanani, bismilla."

Na ji kunya sosai, Yaya, don Baba ya zaga bayan ɗakunan kwanan maza yana caka sanda a ƙasa, ɗalibai suna leƙowa ta taga. Ya ce a kan tudu aka yi ginin, ruwa ba ya kwana, kwata tana tafiya. Ya je famfon burtsatse mai aiki da hasken rana, ya tara hannu ya sha, ya ce ba kanwa a ciki. Ya leƙa banɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye daga nesa. Ya dawo ya ce yawanci da tsabta, ɗaya ya toshe, in rubuta. Ɗakunan sun cika, gadaje a jere kusa da juna. A ƙaramin asibitinsu mun sami malamar jinya a bakin aiki. Baba ya tambaye ta ko akwai maganin zazzaɓi, ta buɗe kabad ta nuna masa.

Ɗakin karatunsu bai kai na tunanina girma ba. A kusurwa ɗaya rufi yana yoyo. An sa bokiti a ƙasa, an janye kantar littattafai gefe, an lulluɓe ta da leda. Na ɗauka Baba zai ce mu tafi gida. Sai ya daɗe yana kallon bokitin nan. Ga abin da ya ce in rubuta maka game da shi.

Babu gidan da ba ya yoyo. Namu ma yana yi, ka sani. Abin da ake dubawa shi ne ko akwai wanda ya tashi ya sa bokiti. Na shiga ofisoshin gwamnati masu bene inda ruwa ke zuba a kan takardu kowa yana zaune yana danna waya. A makarantar nan kuwa na ga an rufe littafi da leda, an ɗaure bakinta da igiya. Wanda ya yi wannan ɗaurin ba zai bar ɗan mutum ya lalace yana kallo ba.

Ni ce kuma. Da ruwan ya ƙara ƙarfi, muka raɓe a barandar wani aji. Lissafi ake yi. Malamin ya hango mu, ya fito ya ce, "Baba, ku shigo daga ciki, akwai benci a baya." Muka shiga muna ɗiga. A layin gaba akwai wani mutum mai furfura a gemu, daga baya muka ji malamin firamare ne da ya zo ƙaro karatu. Ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Malamin ya sake bayani. Mutumin ya sake cewa bai gane ba. A karo na uku malamin ya ajiye Turanci ya koma Hausa, ya kawo misali da yadda ake rabon taki a kunya-kunya, sai mutumin ya ce, "Yanzu ta zauna." Ba wanda ya yi dariya. Wani saurayi a gefensa ma na ga ya yi saurin gyara abin da ya rubuta, ashe shi ma bai gane ba, shiru ya yi.

Bayan an tashi Baba ya gaishe da malamin ya ce, "Malam, an ce ku kowa kuke ɗauka."

Ya ce, "Duk wanda ya cika sharaɗin da hukuma ta sa, in akwai wuri, muna ɗauka. Don haka aka gina ta."

"Ɗana ya ce ko akuya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malamin ya yi dariya har ya riƙe tebur, ya ce, "In ta kawo sakamakonta cikakke za mu duba. Amma Baba, ka gaya masa shigowa ce mai sauƙi. Fita sai da gumi." Ya kai mu gaban allon sanarwa inda aka liƙa sakamakon zangon da ya wuce, ya ce in karanta wa Baba. Akwai waɗanda suka yi kyau ƙwarai, akwai waɗanda aka rubuta za su maimaita darasi, akwai kaɗan da aka ba su gargaɗin ƙarshe. Ya ce duk Asabar da safe malamai suna zama da waɗanda suka zo da rauni, ba a biyan ko kwabo. Ya tambayi abin da ka samu a lissafi, na gaya masa. Ya ce, "To me yake jira?"

Amsar wannan tambaya sai jiya Baba ya ba ni ita, ga ta.

Na san abin da kake jira, don ni ma na jira shi. Da na gama firamare an ba ni wuri a wata ƙaramar makarantar horon malamai, a ƙauye, ginin ma ba a gama shi ba. Abokaina suka ce makarantar waɗanda aka rasa inda za a kai su ce. Na ce wa kakanka ni ta birni nake so, zan jira. Bai matsa mini ba. Na jira shekara ɗaya. Na jira ta biyu, ina zuwa ofis ina duba allo. A ta uku kakanka ya kwanta ciwo, gona da gida suka faɗo kaina, maganar karatu ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Idi, wanda nake koya wa lissafi a ƙarƙashin tsamiyar makaranta, shi ya karɓi irin wurin da na ƙi. Shi ne Malam Idi hedimasta da ka sani. Shekaru da yawa in takardar Turanci ta zo mini, gidansa nake kai ta, in tsaya a zaure har ya gama cin abinci.

Ban ce noma ya wulaƙanta ni ba. Da shi na ciyar da ku. Amma ba zaɓarsa na yi ba, jira ne ya kai ni. Mai jira yana ɗauka tsaye yake wuri ɗaya, bai san ana tafiya da shi ba. Irin da aka ajiye a rumbu ana cewa sai an sami gona mai kyau, ƙwari ne ke fara cin sa. Ka riga ka ba da shekara ɗaya. Ni ma ba yaro ba ne, idona ya fara gajiya. Ba na so abin da ya faɗo mini ya faɗo maka kana zaune a shagon wani.

Ni ce kuma. A nan Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Duk kun cika yaro da tarihi, ba wanda ya ce me zai ci." Baba ya ce in rubuta wannan ma. Ranar da muka je, mun ci abinci a wata rumfa a bakin ƙofar jami'ar, shinkafa da wake da mai da yaji, mai abincin ba ta yi rowar wake ba. Yawancin ɗalibai da kansu suke girki. Kasuwar ƙauyen tana kusa, kayan miya ba tsada. Inna ta ce za ta daka maka garin kunu da yaji, ta soya maka ƙuli, kuma tunda tafiyar ba ta kai wuni ba, in sun ƙare ana iya aika wasu ta hannun direba. Kuɗin makaranta kuwa, Baba ya ce riɗin bana zai ɗauke shi in Allah Ya kai mu kaka lafiya, na yanzu kuma ya tanada, ba sai an taɓa rumbu ko an sayar da sa ba. Ya ce kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. Ɗalibin da ya san ba a yi gwanjon gidansu don shi ba ya fi samun barci da karatu.

Daga nan na rufe biro, na ɗauka Baba ya gama. Sai ya ce in buɗe, saura ɗaya.

Kuskuren da ya fi mini nauyi ba na gona ba ne, ba na makaranta ba ne. Naka ne. Tun kana aji uku nake zama a dakalin ƙofar masallaci ina cewa ɗana sai babbar jami'a, ɗana injiniya ne, shi zai gina mana gada. Ba na faɗa a gabanka, amma gari ƙarami ne, na san yana dawo maka. Shekarar da Malam Idi ya kai ɗansa wannan jami'ar, ni ne na ce a gaban mutane, "Ai can ko akuya ta je za a ba ta kujera." Aka yi dariya, na ji daɗi. Haushin kaina nake hucewa a kan Idi, ban sani ba. Ranar da ka tsaya a tsakar gida ka faɗi maganar nan, bakina na ji a bakinka. Ni na ɗora maka kayan da kake ɗauke da shi. Ba makarantar kake gudu ba, dakalin nan kake gudu, kada a ce ɗan Malam Haruna ya ƙare a inda ubansa ya raina.

To na sauke maka. Bayan sallar Juma'ar nan da ta wuce na zauna a dakalin, kowa yana nan, na ce, "Jama'a, na je na gani da idona. Maganar da na yi a kan makarantar nan na janye ta. Malam Idi, ka yafe mini." Idi ya ce, "Wace maganar? Ta akuya? Ai akuyar tawa tana ajin ƙarshe." Aka yi dariya, wannan karon ni ake yi wa. Wani ya ce, "To injiniyan namu fa, ya koma malamin lissafi?" Na ce ko gadar ma da lissafi ake gina ta. Dariyar da kake tsoro an riga an yi ta, a kaina ta sauka, kuma ga ni ban mutu ba. Kada ka taɓa yanke wa rayuwarka hanya don bakin mutanen dakali. Kafin la'asar sun koma maganar farashin taki.

Ban ce ƙaramar ta fi babbar ba. Babbar ta fi ta gini, ta fi ta suna, ta fi ta kayan aiki, kuma tana da injiniyan da kake so, wannan ba ta da shi. Ni ba ni da mudun auna ilimi. Abin da na iya shi ne duba ƙasa da duba mutane. Na ga ƙasa mai shan ruwa, na ga mutanen da ba sa raina mai tambaya. Na ga wurin da aka buɗe don ɗan manomi da malamin firamare da 'yar ma'aikacin asibiti su zauna benci ɗaya. Da ina da shekarunka, da na shiga ko da rarrafe.

In ka je, ka zauna a gaba. In ba ka gane ba ka ɗaga hannu kamar mai furfurar nan, ko sau uku ne. Za ka tarar da waɗanda ka fi su lissafi nesa ba kusa ba, kada ka ɗaga musu hanci. Ka koya musu, don ni wanda na koya wa a ƙarƙashin tsamiya shi ya yi ta karanta mini takarda. Ka gaishe da mai gadi, mutumin kirki ne. Ka tafi da gidan sauro. Ka riƙe sallarka. Wanda kuka haɗa ɗaki da shi, ko masallaci yake zuwa ko coci, maƙwabcinka ne, ka tambaye shi abin da ya sani.

In kuma ka karanta duk wannan zuciyarka tana kan Kano, ba zan yi maka baki ba. Ka girma. Sai dai ka tafi don ka auna ka zaɓa, ba don kunya ba.

Ranar Laraba da safe zan kasance a tashar Birnin Kudu da akwatinka da buhun da Innarka ta haɗa. Takardunka suna wurina, ƙanwarka ta jera su a leda. In motar farko daga Sara ta sauke mutane ban gan ka ba, zan jira ta biyu. In ta biyu ma babu, sai in ɗora kayan a babur in koma gida, in yi maka addu'ar Kano da zuciya ɗaya. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya kiyaye hanyarka duk inda ta nufa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba.

Nan Baba ya tsaya. Ya tashi ya ɗauki buta, bai ce in karanta masa abin da na rubuta ba.

Yaya, saura 'yar tawa, in ka yarda. Baba bai san na ƙara ta ba. Da muka zo fitowa daga jami'ar na ga ɗakin kwanan mata, da katanga da mai gadi mace. Wasu 'yan mata suna zaune a baranda suna karatu, ɗaya ta kira ni ta tambayi daga ina nake. Da na ce Birnin Kudu ta ce ita 'yar Gwaram ce, babanta ma manomi ne. Ta ce, "Sai kin zo." Saura mini shekara biyu in gama, kuma ban taɓa gaya wa kowa ina son wucewa gaba ba, don na san ba za a kai ni birni mai nisa ni kaɗai ba. Amma nan kusa ne, kuma ba ta fi ƙarfin Baba ba. In kana can, ba wanda zai ce ba ni da mai duba ni. Ban faɗi wannan don in ɗora maka wani kayan ba, bayan Baba ya sauke maka ɗaya. Na ga dai ba daidai ba ne in rubuta gaskiyar kowa in ɓoye tawa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka gaishe da Kawu da Gwaggo. Allah Ya tsare mana kai, Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

In ban yi laifi da wannan ba, ina roƙon ka ba ni izini in sake rubuto maka, wannan karon da bakina kawai. Sai dai ka gaya mini inda zan aika ta.

Ƙanwarka,
Sa'adatu.